Filin Masu Karatu: Motar Da Za Ta Kwashe 'Yan Harbi Da Kayansu Zuwa Gasa

Wasiƙun wannan fitowar duk daga 'yan'uwanmu na Saudiyya suka zo, kuma duk a kan tafiya gasar harbi a mota ɗaya. Mun miƙa su ga masu harkar motoci da masu horar da 'yan harbi, ga abin da muka tace.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu biyar ne daga kulob ɗaya a Jidda. Uku muna harbin faifai da shozan, wato bindigar da ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma, biyu suna harbin mita 50 da doguwar bindiga. Duk lokacin da aka sa gasa a Riyad, motoci biyu muke tayarwa, kuɗin mai yana cin mu, ga gajiyar tuƙi. Ina so in sayar da ƙaramar motata in sayi mai kujera bakwai mu riƙa tafiya tare. Wasu sun ce Land Cruiser ko Patrol, wasu sun ce Jams dogo, wato doguwar GMC. Wacce kuka gani?
— Mai karatu daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ajiye ƙidayar kujeru tukuna. Mai sayar da mota yana ƙirga mazaunin mutum ne, kai kuwa kowane mutum naka yana tafe da kayan da suka kusa cin mazaunin wani. Motar da aka rubuta wa kujera bakwai, idan 'yan harbi ne za su shige ta, ta mutum huɗu ce ko biyar, domin layin kujeru na uku kwantar da shi za a yi.

Abu na farko, ka auna kayanku a gida. Shozan mai baki biyu ana raba ta gida biyu, akwatinta ba ya wuce santimita 80 zuwa 85 a tsawo, kuma yana kwanciya a gicciye a kusan kowace mota. Matsalarku tana wurin masu mita 50. Akwatin bindigarsu yakan kai santimita 120 zuwa 135, ba ya lanƙwasa, ba ya rabuwa. Ga jakar kayansu mai taya, wadda ke ɗauke da rigar harbi mai tauri, da wando, da takalmi, da matashin durƙuso, da sandar ɗora bindiga, da madubin hangen allo. Jaka ɗaya takan haura kilo 20. Ka ɗauki akwatin da ya fi kowanne tsawo, babu bindiga a ciki, da tef ɗin awo, ka tafi da su ma'arad, wato wurin sayar da motoci. Dillali zai yi maka kallon mamaki, ka bar shi ya yi.

A can awo uku za ka yi. Faɗin ƙasan but tsakanin kumburin tayoyin baya biyu, wanda a manyan motoci ma yawanci tsakanin santimita 105 ne zuwa 125, wato sau da yawa dogon akwati ba zai kwanta a gicciye a ƙasa ba. Sai tsawo daga bayan kujerun layi na biyu zuwa ƙofar baya tana rufe, bayan ka tura kujerun baya yadda dogon mutum zai miƙe ƙafa. Mutane da yawa suna auna wannan kujeru na matse gaba, sai ranar tafiya ƙofa ta ƙi rufuwa. Na uku, tsayi daga ƙasan but zuwa saman jinginar kujera, domin nan ne iyakar lodinku. Abin da ya haura jingina ba wurin kaya ba ne, ko da ido na ganin fili har rufi.

Yanzu ga motocin da ka ambata. Land Cruiser da Patrol ƙarfinsu a rairayi da tudu yake, amma idan layi na uku na tsaye, abin da ya rage a baya bai fi jakunkuna biyu ko uku ba. Idan aka kwantar da shi ku biyar za ku shiga, uku a tsakiya kafaɗa na gugar kafaɗa na tsawon kilomita kusan 950, dogayen akwatunan kuma sai dai a karkace su daga kusurwa zuwa kusurwa, sauran kaya su hau kansu. Zai yiwu, amma da ƙyar. Prado da Fortuner sun fi haka matsi, kuma a Fortuner kujerun baya naɗe su ake yi a rataye jikin gefe, su cinye faɗin da kake nema.

Jams dogo, wato Yukon XL da ɗan'uwansa Suburban, ya kai wajen mita 5.7. A ƙirar 2021 zuwa sama, kamfanin ya ba da lita kusan 1,170 a bayan layi na uku, gajeren kuma, Yukon ko Tahoe, kusan 720. Amfanin dogon gare ku shi ne layi na uku ya rabu kashi biyu, babba da ƙarami. Ka kwantar da ɓangare ɗaya, dogayen akwatuna su miƙe a tsaye daga ƙofa zuwa bayan layi na biyu, mutum na biyar ya zauna shi kaɗai a ɗaya ɓangaren, biyu a tsakiya su wala. Kuɗinsa shi ne shan mai da wahalar samun wurin ajiye shi a tsofaffin unguwannin Jidda.

Akwai wadda abokanka ba su ambata ba, wataƙila don ba ta da kwarjini a majalisa: motar iyali mai ƙofar ja, irin Carnival ko Staria. Ƙasanta a ƙasa yake, ba sai ka ɗaga kilo 20 zuwa ƙugu ba, kuma a Carnival layi na uku nutsewa yake cikin rami, ƙasa ta zama shimfiɗa guda. Idan filayen da kuke zuwa duk kwalta ce har bakin ƙofa, a ra'ayinmu ita ta fi dacewa da kuɗinka. Idan akwai filin da sai an bi yashi ko duwatsu kafin a kai, to Jams dogo mai jan taya huɗu.

Gargaɗi ɗaya kan alƙaluman lita: kada ka gwada na kamfani ɗaya da na wani kai tsaye. Awon Amurka yana ƙirgawa har rufi, awon Turai kuma sau da yawa yana tsayawa a jingina, shi ya sa mota ɗaya za ka ga an rubuta mata sama da lita 1,000 a wata takarda, ɗari shida da wani abu a wata.

TAMBAYA: Mun taɓa loda motar wani abokinmu, komai ya shiga, amma bayanta ya zauna ƙasa, fitila na haska sama, sitiyari kuma ya yi sako-sako. Me ya jawo, alhali akwai sauran fili?
— Mai karatu daga Madina

AMSA: Nauyi ne ya ƙare kafin fili ya ƙare, ɗan'uwa, kuma da kayan harbi haka ta saba faruwa domin ƙanana ne masu nauyi. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda da ke nuna iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta. Ka cire nauyin motar ita kaɗai daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne rabonku, mutane da kaya. A manyan motocin iyali yawanci tsakanin kilo 600 ne zuwa 800, kuma wadda aka cika wa ƙawa, da rufin gilashi da firji da kujerun lantarki, rabonta ya fi na mara ƙawa ƙanƙanta.

Mu yi lissafi da tawagar mai tambayar farko. Maza biyar, a ce kowanne kilo 85, kilo 425 ke nan. Shozan uku cikin akwatunansu, 24. Dogayen bindigogi biyu da akwatuna, 28. Jakunkunan kayan harbi biyu, 44. Katan ɗin harsashin shozan mai guda 250, na giram 24 da ake gasa da shi, yana kai kilo 9 zuwa 10. A gasar tarab, wato harbin faifan da inji ke cillawa sama, faifai 125 ne a zagayen share fage, kuma an yarda a harbi faifai ɗaya sau biyu, don haka mutum ɗaya yana iya cinye katan guda, ban da na gwaji. Katan biyu-biyu ga mutum uku, kusan kilo 60. Jakunkunan tufafi 40, ruwa da kula mai ƙanƙara 35. An haura kilo 650, ba a sa kujerar zama ko laima ba. Mota mai rabon 600 ta riga ta wuce iyaka.

Abin da ka gani a hanya shi ne sakamakon. Nauyin da ya taru a bayan tayoyin baya yana danne baya ya ɗaga gaba, tayoyin gaba su rage kama kwalta, birki ya ƙara nisa. Gyaransa: katan-katan na harsashi da duk abu mai nauyi su kwanta a ƙasa, manne da bayan kujera, a daidai tayoyin baya ko gabansu. Tufafi da abubuwa marasa nauyi su ne na kusa da ƙofa. Kafin ku tashi ku tambayi masu shirya gasar ko ana sayar da harsashi a filin. Idan ana sayarwa kuma irin wanda kuka saba ne, kun sauke kilo 60 tun daga gida, kun kuma rage wa kanku bayani a shingen bincike.

Taya ita ce ke biyan bashin lodi. Takardar ƙofa tana nuna iskar da ake sawa idan mota a cike take, sau da yawa ta fi ta kullum a tayoyin baya. A auna da sassafe taya na sanyi. Kada a rage iska a tsakar rana don an ga ta hau, hawan nan na zafi ne kuma an yi tayar da saninsa. Tayar da iskarta ta gaza ita ce ke murɗewa, ta yi zafi, ta fashe a kwaltar Yuli. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT, makon da aka yi ta da shekara, misali 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Wadda ta kai shekara huɗu zuwa biyar a zafin ƙasar nan, ko da zanenta bai cinye ba, kada a ɗora mata kilo 650 a kan hanyar da ake gudun 140. Safaya ma a duba ta. Idan a ƙarƙashin shimfiɗar but take, ranar da taya ta yi faci sai kun zube bindigogi a bakin titi kafin ku kai gare ta, shi ya sa muka fi son wadda aka rataye a ƙarƙashin mota.

A ɗaure komai da bel ɗin kaya mai maƙulli a zobban da ke ƙasan but. Katan mai kilo 10 da ba a ɗaure ba, idan aka yi karo, tasowa yake kamar bulon siminti ya nufi ƙeyar na gaba. Kariyar ɗora kaya a saman rufi kuma ta tufafi ce da tabarma. Bindiga da harsashi ba sa hawa can, rana da idon mutane sun ishe su dalili.

TAMBAYA: Ni ce ke kai 'yata da ƙawayenta uku gasar bindigar iska ta mita 10, wani lokaci daga Riyad har Dammam. Kociyarsu takan ba mu babbar tukunyar iska mu tafi da ita. Ina tsoron zafi. Motata ƙaramar jif ce mai kujera biyar.
— Wata uwa daga Riyad

AMSA: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, amma abin yana da sauƙin kiyayewa. Silindar da ke jikin bindigar iska yawanci ana cika ta zuwa bar 200, wasu 300 (bar ma'aunin ƙarfin matsin iska ne). Iska a rufe ƙarfinta yana hawa da zafi. Silindar da aka cika a ɗaki mai digiri 25, idan ta zauna a mota har ta kai digiri 70, bar 200 zai zama kusan 230. Motar da aka rufe a rana tsakar bazara cikinta yana haura digiri 60 ba da wani jinkiri ba. Ƙarin nan kaɗai ba ya fasa lafiyayyar tukunya, amma yana gajiyar da robobin da ke toshe iska da na'urar da ke daidaita ta, sai yarinya ta je layi ta ga harbinta na sauka ƙasa ba ta san dalili ba.

Don haka a kwance silinda daga jikin bindiga kafin tafiya, kada a cika ta maƙil, a ƙarasa cikawa a filin gasa. A duba kwanan da aka buga a jikinta, domin a ƙa'idar hukumar harbi ta duniya silinda shekara 10 take yi, mai binciken kaya zai iya hana wadda ta wuce. Babbar tukunyar, irin ta masu ninƙaya mai lita 10 ko 12, tana kai kilo 13 zuwa 15. A kwantar da ita a gicciye, manne da bayan kujera, a tare ta da katako ko tawul naɗaɗɗe kada ta gangara, a ɗaure. Bakinta shi ne wurin rauni, kada ya fuskanci fasinja, kada kuma wani kaya ya danne shi. Idan kun tsaya salla ko cin abinci, ku nemi inuwa, ku taƙaita.

Game da motar, bindigogi huɗu masu akwatin da ya haura mita guda da jakunkuna huɗu ba za su zauna a bayan ƙaramar jif mutum biyar na ciki ba. Kada a ɗora akwati a cinyar yara. Ko ku samu akwati mai cin bindiga biyu ku rage yawan akwatuna, ko ki karɓi hayar motar iyali mai layi uku na kwana biyu. Gasa uku ko huɗu a shekara ba su kai a canja mota ba. Duk wadda za ki hau, ki tabbata esi yana da bututun baya, domin sanyin gaba ba ya kaiwa wurin kaya. Dammam kilomita 400 ce, kusan awa huɗu, ku fita bayan asuba.

TAMBAYA: Me zai hana a sayi Hilux mai ƙofa huɗu kawai? Bayanta ai ya ishi kowane kaya.
— Mai karatu daga Ɗa'if

AMSA: Nauyi kam za ta ɗauka fiye da duk waɗanda muka ambata, kuma bayanta ya kai wajen mita ɗaya da rabi. Sai dai wurin a buɗe yake ga rana da ƙura da hannun mutane. Dole ka ƙara murfi mai makulli, shi ma ƙura tana shiga ta gefen ƙofar baya, kuma ƙarƙashinsa ba esi. Harsashin .22 na gasa yana da man shafi a jikin dalmarsa wanda zafi ke narkarwa, itacen gindin shozan ma ba ya son gashi. Ƙarshenta bindigogi da harsashi su dawo ciki, su kori mutum biyu. Ta yi wa mutum biyu ko uku masu zuwa fili na kusa. Kujerar bayanta a miƙe take, mai zama a kanta daga Ɗa'if zuwa Riyad ba zai tashi da hannu mai natsuwa washegari ba.

TAMBAYA: Ni mai iƙama ne, wato baƙo mai takardar izinin zama, abokan tafiyata wasu 'yan ƙasa ne masu lasisi. Idan motata ce za a hau, me ya kamata in kiyaye ta fuskar hukuma? Kuma yaya ake raba kuɗi kada a samu saɓani?
— Mai karatu daga Makka

AMSA: Malam, fara da motar kanta. Murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci, ta taɓa taƙaita wa masu iƙama mallakar mota mai kujera bakwai zuwa sama, sai mai iyalin da suka kai adadin da aka gindaya. Ka tabbatar da matsayinka a wurinsu kafin ka ba dillali kafin alƙalami, kada ka biya a zo canjin istimara, wato takardar rajistar mota, a tsaya.

Bindiga kuma, Ma'aikatar Cikin Gida ce ke ba da lasisinta, kuma kowace tana bin sunan mai ita. Mai iƙama yawanci da bindigar kulob yake harbi. Ƙa'idar motarka ta zama: ba bindigar da za ta shiga sai mai lasisinta yana zaune a ciki, da takardarsa a hannu. Kada ka karɓi saƙon "kai mini, zan biyo jirgi". Ku nemi wasiƙa daga kulob ko hukumar wasan harbi ta ƙasa mai ɗauke da sunayenku, da lambobin bindigogi, da wurin gasar, da kwanakinta. Takardun su zauna a aljihun gaban mota. Bindiga a sauke, ba harsashi a ciki, akwati a kulle, harsashi a wani akwatin dabam. A shingen bincike direba ne zai yi magana, ya faɗi abin da ke cikin motar tun kafin a tambaya, kuma ba mai taɓa akwati sai jami'i ya ce a buɗe.

Tunda a Makka kake, ga abin da ya shafe ka musamman. Ya tabbata a hadisin Jabir cikin Sahihu Muslim cewa an hana ɗaukar makami a Makka. Mafi kyau ku sa mahaɗarku a wajen iyakar Harami, masu bindiga su same ka can. Masu tasowa daga Jidda su bi ta Jumum su faɗa hanyar Sailul Kabir, su ɓulle arewacin Ɗa'if. Hanyar ta fi ta Hada sauƙi ga mota mai lodi, domin Hada hawa ce mai kwana-kwana zuwa tsayin da ya kusa mita 2,000, inji na zafi a hawa, birki na zafi a gangara. Duk inda kuka gangara da lodi, a sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar. Daga Ɗa'if sai miƙaƙƙiyar hanya ta Zalim da Ƙuwai'iyya har Riyad, inda barci ya fi komai haɗari. Direba biyu aƙalla, a canja duk bayan awa biyu zuwa uku. Na biyun ka yi masa tafwid, wato izinin tuƙa motarka, ta manhajar gwamnati ta Absher, ka kuma duba ko inshorarka ta rufe shi, musamman idan matashi ne. Ku isa kwana guda kafin ranar gwaji.

Kuɗi kuwa, karo-karon mai tsakanin abokai daban yake da ɗaukar fasinja don riba, wanda hukumar sufuri ke cin tara a kansa idan ba izini. Kada ka sa farashin kujera, ku raba abin da aka kashe. Misali, Jidda zuwa Riyad da dawowa da zirga-zirgar cikin gari, a ce kilomita 2,000. Babbar mota mai shan lita 13 a kilomita 100 za ta sha lita 260. A kan riyal 2.18 na fetur 91, riyal 567 ke nan, kowane ɗaya cikin biyar ya ba da kusan 113. Motar iyali mai shan lita 10 za ta tsaya a riyal 436, kusan 87 kowanne. Adalci shi ne a cire mai mota daga kuɗin mai, ko a rage masa, tunda tayarsa da man injinsa ne ke cinyewa. Tarar Saher kuma, wato ta kyamarorin kan hanya, a yanke tun kafin a tashi cewa ta wanda ke riƙe da sitiyari ce a lokacin. Saƙon tarar yana zuwa da rana da wuri, don haka duk wanda ya karɓi tuƙi ya rubuta lokaci da sunan garin da aka yi canji a zauren WhatsApp na tafiyar.